Kitsen Kuncin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma muke komawa. Kawu ya koma. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a Manchester tun ranar da na sauka da akwati ɗaya zan fara jami'a, har na yi aure daga gidansa. Allah Ya jiƙansa.

A flat ɗinsa na unguwar Whalley Range aka yi zaman makoki, a saman wani tsohon gida da aka yanyanka aka zuba iyalai. Takalma suka cika matattakala, har maƙwabcin ƙasa, wani tsohon Bature, ya fito ya jera su a jikin bango da kansa. Maza na falo, mata na ɗakin Hajiya, matar Kawu, wasu kuma sun tsaya a kicin. Ni ce mai kai shayi, saboda haka na ji abin da ake faɗa da ƙarfi, na kuma ji wanda ake faɗa ƙasa-ƙasa.

Da ƙarfi cewa ake, "Allah Ya jiƙan Baba, Allah Ya ba ku haƙuri. Mutumin kirki, ba ruwansa." Wannan "ba ruwansa" ta kusa ba ni dariya a tsakiyar kuka, don Kawu da ruwansa a komai.

A kicin kuwa, na shiga ɗaukar kofuna na tarar da wata tana cewa, "Ai tun da aka yi masa aikin bakin nan bai ƙara zama daidai ba."

"An ce kitse aka cusa masa."

"Kitsen me?"

"Oho, su suka sani. Kin san asibitocin nan yanzu. In ka tsufa, abin da ya rage shi ake ba ka."

"Ni fa an ce min ciwon ne ya dawo, 'yan gidan suka ɓoye."

Da suka gan ni sai suka koma zancen sukari. A bakin ƙofa ma wani dattijo, abokin sallar Kawu, ya tare ni ya rage murya. "'Yata, an yi bincike kuwa? Kada ku yarda da abin da suka faɗa muku haka kawai." Na ce masa zuciya ce, Baba. Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar wanda bai yarda ba.

Na so in ji haushi. Sai na tuna cewa duk kalmar da na ji a kicin ɗin nan, Kawu ya riga su faɗinta, kuma ya fi su iya faɗi. Da yana zaune a wurin, shi zai ja su. Amma ba na son labarinsa ya ƙare a raɗa tsakanin firji da tukunyar shayi. Ba aikin baki ne ya kashe shi ba. Ya yi shekaru bayansa, ya ci tuwo, ya yi faɗa, ya je aikin Hajji ya dawo yana ƙorafi a kan masu dafa abinci. Zuciyarsa ce ta tsaya wata rana da hantsi, yana zaune yana jiran shayinsa ya huce. Ina wurin lokacin aikin, daga farkonsa har ƙarshe, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Kawu duba-gari ne tun yana saurayi a Zariya. Karatu ya kawo shi Ingila, ya gama, council, wato ƙaramar hukuma, ta ɗauke shi aikin da ya saba: shiga kicin ɗin gidajen abinci ya duba tsabtarsu. Zargi shi ne sana'arsa, kuma ba ya barinta a ofis. In ka miƙa masa hannu, kafin ya dubi fuskarka ya dubi farcenka. In aka ajiye masa faranti sai ya ɗaga ya leƙa ƙasansa. Akwai 'yar ƙaramar tocila da ba ta rabuwa da aljihun kwat ɗinsa, har masallacin Juma'a da ita yake zuwa. Ko labari ka kawo masa mai daɗi, wance ta haihu, wane ya sami aiki, abin da zai fara cewa shi ne, "Wa ya ce?"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka Uwata yake kirana. Satina na farko na sayo shinkafa da kaza a Wilmslow Road, ina murna na gano inda abinci yake a unguwar Rusholme. Ya buɗe robar ya sunsuna.

"Wane shago, Uwata?"

Na kwatanta masa.

"Na san su. Na san bayan firjinsu. Ci abinki, in kin ƙoshi in ba ki labari."

Ban ci ba, bai kuma ba ni labarin ba har ya mutu. Shekarun da ya yi yana aiki a titin nan, ko ruwa bai taɓa sha a cikinsa ba. Amma daga baya na ji daga bakin wani mai shago cewa in Kawu ya ga sabon shiga da bai san kan dokar ƙasar ba, yakan je masa ranar Asabar da tsohuwar riga, ya nuna masa inda zai kankare, don kada ya zo ranar Litinin da rigar aiki ya rufe masa shago. Da na tambaye shi sai ya ce, "Wa ya ce?"

Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, council ta shiga rage ma'aikata. Aka kira Kawu ofis, wani matashi mai laushin murya ya gaya masa ba korarsa ake yi ba, dama ce ake ba shi ya huta. Ya dawo gida da kek a kwali, ya ajiye a tebur, ya zauna bai cire kwat ba.

"Uwata, yau na koyi abu da tsufana. A ƙasar nan in za a rage maka abu, sai an fara yi maka murmushi, a ce don amfaninka ne."

Abin da ya sa ba a iya musu da shi, sau da yawa gaskiyarsa ce. Laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin mako, aka ce don a inganta shi. Wurin da Hajiya take zuwa motsa jiki da tsofaffin mata aka rufe, aka ce an haɗe shi da wani ne a can nesa. Kowanne ya zo da murmushinsa, Kawu yana zaune yana gyaɗa kai.

A cikin wannan hali ciwon ya same shi. Hajiya ce ta fara lura. Ta ga ya koma tauna da ɓangare ɗaya, ta ga an kawo kilishi daga gida ya ce a ba baƙi, shi da ba ya haɗa kilishi da kowa. Ɗakin ya cika da ƙanshin kanumfari. Ranar da ta ga jini a asuwakinsa ba ta yi shawara da shi ba, ta kira GP, likitan unguwarsu. Aka tura shi asibiti, aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne a muƙamuƙinsa na sama, can ciki ta dama.

Ni na raka shi ganin likitar da za ta yi aikin. Muka hau bas a Oxford Road cikin cunkoson ɗalibai, muka sauka a asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce za su yanke ciwon tare da haƙoran wurin da ɗan ƙashin da ke riƙe da su. In an yanke, rami zai buɗe tsakanin bakinsa da kogon da ke kusa da hanci. In ba a rufe ramin ba, ruwan da ya sha ta hanci zai dawo, maganarsa ma ta koma ta hanci. Sannan ta taɓa kuncinta da yatsa, ta ce a cikin kuncin kowane mutum akwai wani dunƙulen kitse, shi ne ke sa kumatun jarirai su cika. Ba cire shi za su yi ba. Za su janyo shi ta cikin baki da jijiyoyin jininsa a haɗe, su shimfiɗa shi a kan ramin su ɗinke, a hankali fatar baki ta tsiro ta rufe shi.

Turancin Kawu ya fi nawa, amma in zai yi gulmar mutum a gabansa Hausa yake komawa. Ya juyo gare ni.

"Kitse ta ce?"

"Kitse, Kawu."

"Ni? Ni da na ƙare rayuwata ina sa a kankare kitse a bango, ni za a liƙe wa baki da shi?" Ya sake dubanta. "Kuma kin ga murmushi take yi."

Da a nan abin ya tsaya, ina jin da mun shawo kansa. Amma muna fitowa muka zauna jiran a ɗebi jininsa kusa da wani Bature mai surutu, da wani dogon tabo a hannunsa daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa. Kawu ya tambaye shi. Mutumin ya ce shi ma ciwon baki ne, daga hannunsa aka yanko fata da jijiyoyinta aka dasa masa a baki, wuni guda likitoci suka yi a kansa.

Kawu ya jira har muka fito titi. "Kin ji da kunnenki? Shi wuni guda aka yi a kansa, fata aka ba shi. Ni kuma kitse. Akwai aikin masu gata, akwai facin taya. Sun dube ni, tsoho, baƙi, ba ya aiki, suka ce wannan faci ya ishe shi."

Ya ƙi sa hannu. Asibiti suka yi ta kira, yana cewa yana tunani. Kuncin ya fara tasowa, abincinsa ya koma kunu da shayi, wandunansa suka fara yi masa yawa. Hajiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta sa limamin masallacinsu ya zo. Kawu ya saurari liman har ya gama, ya tambaye shi wa ya aiko shi. Daga ƙarshe ya ce zai je Birmingham ya tambayi Likita.

Likita shi ne mijin 'yarsa ta fari, wadda nake kira Yaya. Aikinsa sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata. Mutum ne mai sanyi, mai kunya, ko a waya yake gaida Kawu sai ka ga ya rusuna. Kafin a ba shi Yaya, Kawu ya sa an bincike shi har kakanninsa ba a sami komai ba, kuma wannan ne laifinsa. "Mutumin da ba a sami komai a kansa ba," in ji Kawu, "ya iya ɓuya ne."

Muka hau jirgin ƙasa ni da shi, muka isa da azahar. Yaya ta yi masa tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka. Likita ya zauna a ƙasa kan darduma, kansa a sunkuye. Kawu bai dubi tuwon ba.

"Likita, tambaya ɗaya na zo da ita. Tsakanin fata da kitse, wanne ya fi tsada?"

"Baba, Allah Ya ƙara muku lafiya, ai ba haka ake duba abin ba..."

"Wanne?"

"Na fata ya fi cin lokaci da kayan aiki."

"Madalla. Uwata, ki zama shaida."

Likita ya yi ta bayani a hankali. Ya ce ramin da za a bari a bakin Kawu ƙarami ne, kuma yana dab da inda kitsen yake, shi ya sa ya dace. Fatar hannu ta wanda aka yanke wa wuri mai faɗi ce, ba gata ba ce, larura ce. Ya ce ko da ana so a yi masa wancan, ba ya jin zuciyar Baba za ta ɗauki doguwar allurar barci irin wannan.

Kawu ya ɗaga kai. "Wa ya gaya maka zancen zuciyata?"

Yaya ta ce, "Umma ce ta faɗa min, Baba. Ni na faɗa masa."

"Wato taro ake yi a kaina." Ya nuna Likita da yatsa. "Kai da su ai a tukunya ɗaya ake dafa muku albashi. Sun bugo maka daga can, ko? Sun ce ka lallaɓa tsohon ya karɓi na araha. Ko kuwa kai ne ka gaji da hawa mota zuwa Manchester duba mara lafiya, kana so a yi ta ta ƙare?"

Yaya ta fashe da kuka. Ni dai ina kallon Likita. Ya ɗago ya dubi Kawu ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya kuma ajiye "ku" ɗin girmamawar da bai taɓa ajiyewa ba.

"Baba, da mutuwarka nake so, da na ce maka ka yi gaskiya. In ce cutarka za su yi, kada ka sa hannu, in raka ka tasha, in dawo in ci tuwona. Abin da ke bakinka ba ya jiran ka gama bincike. Kullum ƙaruwa yake. Ka ƙara jinkiri, ba kitse ba, fatar ma ba za ta rufe abin da za a yanke ba!"

Kawu ya tashi, ya gyara hularsa, ya ce, "Uwata, mu tafi." Tuwon yana nan yadda aka kawo shi.

A jirgi ya juya fuska ga taga. Ana yayyafi, gonaki da tumaki suna wucewa. Da muka yi nisa ya yi magana, bai kuma juyo ba.

"Jikokin nan, yanzu da bakina lafiya ma da ƙyar suke gane Hausata. In ta koma ta hanci fa? In yi magana su dubi uwarsu ta fassara musu kakansu?"

Na riƙe hannun kwat ɗinsa kawai, bai janye ba.

Can ya ce, "Ya ɗaga min murya."

"Ya ɗaga, Kawu."

"A gaban 'yata."

"Haka ne."

Ya shafa kuncinsa. "Duk waɗanda suka rage min abu, da murmushi suka zo. Wannan ko haƙoransa ban gani ba."

Da muka koma asibiti, likitar ta sake bayani daga farko ba tare da ƙosawa ba. Da ta gama, Kawu ya ce mata da Turancinsa na ofis, yana neman izini ya ga hannuwanta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ɗan dube shi, ta miƙo su. Ya duba tafin, ya ce ta juya, ya duba bayan. Ya ce min da Hausa, "Farce a yanke, ba zobe, fata ta bushe don yawan wanki." Sannan ya karɓi biro. Yana cikin sa hannu ya ce mata, "Ki sani ban yarda da ke ba." Ta ce ba sai ya yarda ba, ya dai zo ranar aiki da ciki babu komai.

Aka yi aiki, aka fito da shi fuska a kumbure. Aka hana shi fyace hanci, aka hana shi tsotsar abu da ƙarfi. Ranar da aka ba shi ruwa a kofi karo na farko, ni da Hajiya da nas muka tsaya a kansa, kowa idonsa a kan hancin Kawu. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya sunkuyar da kai yana jira. Ba abin da ya fito. Hajiya ta ce alhamdu lillahi ta fara share ido. Shi kuwa da bakinsa mai nauyi ya ce, "Bari a ga na gobe."

Bayan an sallamo shi na je gaishe shi da safe, tun daga matattakala na ji yana kirana. Na same shi gaban madubin bayi, baki a buɗe iyakar yadda zai buɗu, tocilarsa a hannu.

"Zo ki ga aikin gwamnati."

Na leƙa. Wurin rawaya ne, gudaji-gudaji, da zaren ɗinki kewaye da shi, kamar kitsen da mahauci ya ware gefe.

"Sun bar shi a buɗe, ko rufewa ba su yi ba. Na rufe shaguna a kan abin da bai kai wannan ba. Ruɓewa yake, Uwata."

Ya tilasta muka koma asibiti a ranar. Nas ta duba ta ce haka ake so ya kasance, an ma gaya masa tun farko. Ya ce ita ma an gaya mata abin da za ta faɗa. Daga nan kowace safiya, bayan ya kuskure baki da ruwan maganin da aka ba shi, sai ya tsaya gaban madubi da tocila, kamar ya shiga kicin ɗin da ya daɗe yana zargi. Yana nan yana jiran ranar da zai kama su, sai wurin ya fara sauya launi daga gefe-gefe. Rawayar ta riƙa ja da baya, ja-ja yana shigowa, gudajin suna kwanciya. Bayan wasu makonni ya kira Hajiya ya ba ta tocilar, ya ce ta nuna masa inda facin ya fara. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce ita dai dasashi take gani.

Ya rufe baki, ya karɓi tocilarsa. "Hmm. An yi sa'a."

Iyakar yabon da aikin ya samu daga gare shi ke nan. An gaya masa an cire ciwon duka, ya ce za a gani. Kuncinsa na dama ya ɗan lotsa, in ba ka san shi da can ba ba za ka lura ba. Bakin ya ɗan ƙi buɗuwa da farko, aka ba shi 'yan faya-fayan katako yana cusawa tsakanin haƙora yana ƙara su a hankali, yana mita. Muryarsa ta dawo, sai dai in ya gaji wasu haruffa su ɗan zame masa. Jikokin sun ci gaba da rashin gane Hausarsa daidai yadda suke da, ba ƙari ba ragi. In aka ce masa to ga shi aiki ya yi kyau, sai ya ce, "Araha ce ta yi kyau. Ba ta daina zama araha ba."

Tsakaninsa da Likita kuwa sai gaisuwa. Likita ya koma "ku" ɗinsa da rusunawarsa, Kawu yana amsawa a taƙaice. Ba wanda ya ba wani haƙuri.

Ana nan wata rana Likita ya kira ni, ni ba Kawu ba. Ya ce akwai wata dattijuwa a Birmingham, 'yar Filato, uwa ce a cocinsu, ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi. Ɗanta abokin aikinsa ne. Irin ciwon Kawu gare ta, irin aikin za a yi mata, ta ce ba ta yarda ba, an raina ta ne. 'Ya'yanta sun rasa yadda za su yi, ko Kawu zai zo ya yi mata magana. Na gaya wa Kawu, ya ce, "Me ya shafe ni?" Washegari na zo na same shi da kwat da hula, yana faɗan na makara.

Muka same ta a falonta, 'ya'yanta tsaye a bakin ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai ma aiko ka aka yi ka lallashe ni."

"Aiko ni aka yi, Mama. Kada ki yarda da ni. Ni ma har gobe ban yarda da su ba."

Ya ciro tocilarsa ya miƙa mata. Ya jawo wata 'yar kujera ya zauna a gabanta. Kawu, wanda ba ya cin abinci a gaban baƙo, wanda ko hamma zai yi sai ya juya baya, ya ɗaga kai ya wangale baki a gaban matar da bai taɓa gani ba.

"Haska nan. Can ciki, ta dama."

Ta haska ta daɗe tana dubawa. Ya ce a kawo masa ruwa. Ya shanye kofin, ya sunkuyar da kai gabanta. "Dubi hancina." Ta duba.

"Zai yi rawaya," ya ce mata. "Zai yi muni, za ki rantse ruɓewa yake. Ki sayi tocila ki sa masa ido, amma ki jira."

Ta sauke tocilar ta ce, "To me ya sa ba su ba mu na fata ba?"

"Wannan ni ma ina nan ina bincike. Ki bari a cire ciwon tukuna, ma yi binciken tare."

Ta yi dariya, hannu a kan kunci saboda zafi. Aka yi mata aikin, ta warke. Duk Kirsimeti sai ta aiko masa da acca da miya, shi kuma sai ya bugo mata ya tambayi kwana nawa miyar ta yi a firji kafin ta aiko. Yana gama tambayar sai ya cinye.

A shekararsa ta ƙarshe numfashi ya fara yi masa wuya a matattakala. Wata rana da la'asar Hajiya tana gyaran alayyahu, ya ce mata ba tare da wani share fage ba, "In ta faru, Likita ne zai yi min wanka."

Ta ajiye wuƙa. "Surukinka? Ina kunya?"

"Sauran sauri za su yi su gama, su ce ruwa da sanyi. Shi ba zai tsallake bayan kunne ba."

Ba ta gaya wa kowa ba sai ranar da ta faru. Likita ya iso daga Birmingham, ya durƙusa yana yi mata ta'aziyya, ta faɗa masa. Ya ɗago ya dube ta kamar bai ji ba, ta maimaita masa har da zancen bayan kunne. Ya rufe fuska da tafukansa.

Ni da Yaya muna zaune cikin mota a harabar masallaci lokacin da ake wankan. Aka daɗe. Mutane suka fara taruwa a bakin ƙofa suna duba agogo, wani ya leƙa ya dawo. Da Likita ya fito, hannun rigarsa a jiƙe har gwiwa, idanunsa sun kaɗa. Yaya ta sauke gilashi ta ce, "Lafiya? Me ya tsayar da ku haka?"

Ya jingina da motar.

"Sai da na sake komai sau biyu," ya ce. "Ji nake kamar yana dubawa."

Ya Allah, ga mai bincike ya zo gare Ka. Ka sassauta masa bincike, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ya tarar da alherin da ya yi yana musun ya yi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.